Rijiyar Kusugu Mai Giɓi

Ƙanena, wanda 'yan unguwarmu a Zango ke kira injiniya tun da ya tayar da wata matacciyar waya, ya dawo hutu da babban buri: zai haɗa wasan kwamfuta kan Bayajidda da macijiyar Kusugu ta Daura. Ni nawa ido, sai sayen man janareta.

Da bakin rijiyar ya fara. Zana da'ira a OpenGL sai da pi, don haka ya rubuta M_PI yadda ya saba a Linux, inda GCC ke karɓa ba musu. Visual Studio kuwa ta turje, ta jefo masa kuskure mai lamba C2065, wai ba ta san wani M_PI ba. Da gaskiyarta. Sunan ba ya cikin ƙa'idar C ko C++, daga gidan Unix ya fito. A Visual Studio sai an fara rubuta #define _USE_MATH_DEFINES.

Ya rubuta, amma a ƙasan #include <cmath>. Tafintan kwamfuta daga sama yake karatu, kafin ya iso wurin aikin gama ya gama.

Sai zuciya ta ɗebi injiniya. "Yaya, pi ɗin me? Tun firamare muka haddace shi!" Ya danna 22/7. Kuskure ya ɓace, har da kabbara. Da hoto ya fito, sai ga rijiya da giɓi. A C++, in cikakkiyar lamba ta raba cikakkiya, zubar da ragowa ake yi: 22/7 ta koma 3 cif. Zagayen ya tsaya a 6 maimakon 6.28, kusan digiri 16 babu. Inna ta leƙo ta tambaya ko faifai ne ɓera ya gutsura. Ya ce a'a, ƙofar macijiya ce.

Na ba shi baki da cewa ba shi ne farau ba. A 1897 majalisar wakilan jihar Indiyana ta Amurka ta amince da ƙudurin da zai mai da pi 3.2, sai da dattawa suka jingine shi.

Daga ƙarshe ya ɗaga layin #define can sama, ya mayar da M_PI, rijiya ta haɗe. Da a ce da C++20 yake amfani ma, da std::numbers::pi ta ishe shi. Washegari ya umarci macijiya ta juya baya da M_PI, ita kuwa glRotatef, mai juya abu a OpenGL, digiri ta sani. Macijiya ta karkata digiri 3, ta ci gaba da kallon bango.