Babban Telan Etoudi

A Briqueterie, wadda muke yanke wa suna mu ce Birik, abu biyu ba sa yankewa: ƙamshin tsire da ƙarar keken ɗinki. Ni a cikin ƙarar keken na tashi. Mahaifina tela ne, ƙanensa ma tela ne, kuma tun ban kai tsawon teburin yanka ba na haddace kalmar da ke riƙe da sana'ar baki ɗaya, wato "gobe". Mai kaya zai zo ana saura kwana uku Sallah, ido jawur, a ba shi kujera, a aiko masa da shayi, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce saura aljihu kawai, ya dawo gobe. Shaddarsa kuwa tana ƙarƙashin tebur, ko almakashi bai gaisa da ita ba. Na daɗe ina zaton telolin unguwarmu sun fi kowa iya wannan fanni a faɗin Kamaru. Da girma ya zo sai na gane ashe duk 'yan koyo ne mu. Ubangidan sana'ar yana can kan tudun Etoudi, a gidan da ake kira Fadar Haɗin Kai, kuma yau na ɗauki alƙalami ne in ba shi haƙƙinsa, tunda mahassada sun yi masa yawa.

Yadi biyu aka kawo shagon. Bayan an kori Jamus a 1916, Faransa ta ɗauki kaso mai tsoka, Ingila ta tsira da ƙyalle biyu a gefen Najeriya. Ran 11 ga Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda daga jin sunanta ka san 'yar sana'a ce, ta tambayi mutanen ƙyallayen nan: Najeriya ko Kamaru? Na arewa, su Mubi da Gwoza da Ganye, suka bi Najeriya, aka sa wa lardinsu sunan Sardauna. Na kudu, su Bamenda da Buea da Kumba, suka zaɓi Kamaru. Masu son a bar su su tsaya da ƙafarsu ba a ajiye musu akwati ba, don an tausaya musu, zaɓi uku yana kawo ciwon kai. A Fumban, cikin Yulin shekarar, aka yi awo, aka yarda za a haɗa yadin biyu amma kowane ya zauna da launinsa. Tarayya ke nan mai jiha biyu, da tauraro biyu a tuta, da sashe na 47 na tsarin mulki wanda ya hana a taɓa tarayyar.

Gaskiya ɗaya ce, wanda ya buɗe shagon namu ne, ɗan Garwa, Alhaji Ahmadu Ahijo. Shi ya lura cewa riga mai launi biyu ba ta dace da babbar ƙasa ba, gara a kai ta marina. Ran 20 ga Mayun 1972 ya tambayi jama'a, kashi 99.99 cikin ɗari suka ce a rina. Ina ka taɓa ganin telan da ya gamsar da masu kaya haka? Mahaifina ya tsufa a kan keke bai taɓa gamsar da ko matansa biyu a Sallah ɗaya ba. Bayan shekara uku tauraro ɗaya ya faɗo daga tuta, ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsa.

Amma hannu na gaske sai da yaron shago ya gaji shago, ran 6 ga Nuwamban 1982. A 1984 Paul Biya ya duba sunan ƙasa, Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Kamaru, ya ga kalmar farko tana tuna wa mutane cewa an taɓa yin biyu, ya datse ta. Abin da ya rage shi ne ainihin sunan da yankin renon Faransa yake amsawa tun kafin a haɗu. Masu kaya suka taru a Buea a 1993, suka sake taruwa a Bamenda a 1994, suka ce a maido musu da tarayyarsu. Ba a kore su ba. An ba su kujera, an ba su tsarin mulkin 1996 mai cike da alkawari. Majalisar dattawa ta iso a 2013, bayan shekara 17. Majalisar kare tsarin mulki ta iso a 2018, bayan shekara 22. Majalisun yankuna, waɗanda su ne ainihin abin da aka ce zai maye gurbin tarayya, sai Disamban 2020. Gobe mai tsawon shekara 24! Sashe na 66, wanda ya ce manya su bayyana dukiyarsu, har yau yana ƙarƙashin tebur. Kada kuma a ce shagon bai iya aikin gaggawa ba. A Afrilun 2008, da ake son a cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, cikin 'yan kwanaki majalisa ta yanka ta ɗinka ta goge. Rigar maigida ce.

A Oktoban 2016 lauyoyin Bamenda da Buea suka kawo ɗan gyara. Suna so a fassara musu dokokin kasuwanci na OHADA zuwa Ingilishi, a kuma daina turo musu alƙalan da ba su san tsarin shari'ar da suka gada daga Ingila ba. A Nuwamba malaman makaranta suka bi sahu, nasu kukan shi ne ana turo malamin da ba ya jin harshen ɗalibansa. A shago wannan maɓalli ne ya tsinke. Ƙaramin tela zai zare allura ya mayar da shi a tsaye, mai kaya ya yi godiya ya wuce, ba labari ba tarihi. Babban tela ba ya raina kansa haka. Aka aika jandarmomi da barkonon tsohuwa, a Buea har aka karɓe wa lauyoyi rigunansu da hulunan gashinsu, wataƙila don a duba ɗinkin. Ran 17 ga Janairun 2017 aka haramta ƙungiyar da gwamnati take zaune da ita a teburin sulhu kwanaki kaɗan kafin nan, aka kwaso shugabanninta, Agbor Balla da Fontem Neba, zuwa Yawunde, aka kashe intanet a yankunan Bamenda da Buea wata uku cur don mutane su samu natsuwar tunani. Sun kuwa yi tunanin. Wanda ya zo neman fassara ya koma neman tarayya, mai neman tarayya ya koma neman ƙasa, ran 1 ga Oktoban 2017 aka ɗaga tutar Ambazoniya. Daga maɓalli zuwa likkafani a shekara guda. A nuna mini shagon da ciniki ya taɓa bunƙasa haka.

Wani abokina mai sayar da atamfa, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya ce ai Habasha ma suna da irin wannan. Na ce kada ya haɗa ɗan koyo da ubangida. Oromo sun fi kowace al'umma yawa a Habasha, kimanin kashi ɗaya cikin uku, kuma tun da Sarki Menelik ya ci ƙasarsu da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, aka gina Addis Ababa a wurin da su ke kira Finfinne, suke neman a bar su su riƙe al'amuransu da harshensu. To dubi wautar telolin can. A 1995 suka rubuta ɓaro-ɓaro a sashe na 39 cewa kowace al'umma tana da 'yancin ɓallewa. Wa ke ba mai kaya rasit? Da aka zana taswirar faɗaɗa Addis Ababa cikin gonakin Oromo, samari suka fito tun daga 2014, aka harbe ɗaruruwa, nan kam sun yi ƙoƙari. Sai ga gwamnati ta janye taswirar a Janairun 2016, a Fabrairun 2018 kuma firaminista Hailemariam Desalegn ya yi murabus. Murabus! A nan, Ahijo, shugaban da ya gwada wannan abu, yana kwance a maƙabartar Dakar tun 1989, gawarsa ba ta ga Garwa ba har yau, kuma magajinsa ya ɗauki darasi. Sai da Abiy Ahmed, wanda mahaifinsa Oromo ne, ya hau sannan aka fara ganin alamar hannu. Ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2019, da aka kashe mawaƙi Hachalu Hundessa a Yunin 2020 kuma ya rufe intanet mako uku, ya tura ɗan siyasar Oromo Jawar Mohammed kurkuku. Yaron yana da ƙwazo. Amma bayan shekara ɗaya da rabi ya sake shi, kuma har sau biyu a 2023 ya tura wakilai Tanzaniya su zauna da 'yan tawayen Oromo ido da ido. Ƙuruciya dai.

Namu ya nuna yadda ake zama. Maƙwabciya ta gari, Najeriya, ita ta share fage: a Janairun 2018 aka kama jagoran 'yan Ambazoniya Sisiku Ayuk Tabe da mutanensa a wani otal a Abuja, aka sa su a jirgi zuwa Yawunde. Wata kotun Abuja ta ce a 2019 abin ya saɓa doka, a maido su, har yanzu dai ana neman jirgin komawa. A Agustan 2019 kotun soja ta yi musu ɗaurin rai da rai. Bayan mako shida aka buɗe Babban Taron Tattaunawa na Ƙasa, daga 30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, a Palais des Congrès, ginin nan da Sinawa suka ɗora mana a kan tudu can saman Tsinga. Firaminista Dion Ngute ya jagoranta. Mai shago bai leƙo ba. Waɗanda ake rigimar da su suna gidan yarin Kondengui, kuɗin tasi ɗaya daga zauren, su ma ba a wahalar da su ba. Aka kwana biyar ana auna riga babu mai sawa, aka fito da ita aka raɗa mata suna "matsayi na musamman". Gwamna dai har yau daga Etoudi ake naɗo shi. Da Kanada ta sanar a Janairun 2023 cewa ɓangarorin sun yarda ta shiga tsakani, cikin kwana uku Yawunde ta ce ita ba ta aiki kowa ba.

Masu ɓata suna sukan kawo maganar Ngarbuh. Ran 14 ga Fabrairun 2020 an kashe mutum 21 a wannan ƙauye na Arewa maso Yamma, 13 yara ne, da mace mai ciki, a ƙidayar ƙungiyar Human Rights Watch. Rundunar soja ta ce tsautsayi ne, jarkokin mai ne suka fashe. Bayan wata biyu fadar shugaban ƙasa ta gama binciken jarkokin, ta gano ashe sojoji ne da 'yan banga, kuma sun cinna wa gidajen wuta don a ɓatar da sawu. Shagon da gobensa shekara 24 ce ya gyara maganarsa a wata biyu kacal, wannan ai sai tafi. 'Yan bangan kuwa Fulanin yankin ne, masu kallon alƙibla ɗaya da mu, shi ya sa a majalisun shayinmu ba a cika tsawaita zancen ba. Ɗan jarida Samuel Wazizi kuma ya mutu a hannun soja a Agustan 2019, ba a sanar ba sai Yunin 2020, don kada a tayar wa iyalinsa hankali.

Ana gane ubangida da yaran da ya yaye, kuma yaran Amba, wato mayaƙan Ambazoniya, ba su kunyata shi ba. Sun shiga daji don su 'yantar da mutanensu, suka fara da 'yantar da yara daga makaranta shekara da shekaru. Kowace Litinin gari a kulle, wadda ta kasa tumatir a bakin titi ta san sauran. Su sace mutum, su kira kuɗin fansa gudummawar gwagwarmaya. John Fru Ndi, wanda ya kafa jam'iyyar SDF a Bamenda a 1990 tun ba a haifi yawancinsu ba, sau biyu suka ɗauke shi a 2019. Kadinal Christian Tumi yana da shekara 90 suka kwana da shi a hannunsu. Shugabanninsu suna can Amurka da Turai suna ba da umarni ta Facebook. Wannan ma a shago suka koya. Wani binciken 'yan jarida da ya fito a 2018 ya lissafa wa maigida fiye da shekara huɗu na tafiye-tafiyen kansa a waje, akasari a otal ɗin Intercontinental na Geneva. Tela nagari yakan ja da baya ya hango rigar daga nesa.

Cinikin ya zuwa yanzu: sama da mutum 6,000 a ƙarƙashin ƙasa, dubban ɗaruruwa sun bar gidajensu, dubun dubata suna Kuros Riba da Binuwai da Taraba a layin abincin 'yan gudun hijira. Waɗanda suka gangaro Yawunde mun gan su, a Obili da Biyem-Assi, cunkushe a ɗaki ɗaya, 'yan matan da ya kamata a ce suna aji suna wanke-wanke a gidajen mutane, samarin suna kan babur. Mu ma a Birik mun ba da tamu gudummawar, wato shiru, kuma shirunmu mai tsada ne tunda mun san abin. Dattawanmu ba su manta da bayan 6 ga Afrilun 1984 ba, da juyin mulki ya ci tura, yadda sunan mutum da garinsu suka isa a ɗauke shi. Mu kanmu mun tuna shekarun da bam ke tashi a Marwa da Kolofata, a tare mu a nan, fiye da kilomita dubu a mota, a ce mu fito da kati. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Mun shafa, mun ƙara da turare, muka koma kan keke, domin akwai aikin ɗinka atamfar jam'iyya mai hoton maigida, ga kuma kayan faretin 20 ga Mayu, ranar bikin kai riga marina.

Wani namu ya so ya zubar mana da mutunci. Issa Tchiroma Bakary na Garwa ya yi kusan shekara goma yana ministan sadarwa, shi ne bakin shago, shi ke fitowa ya ce wa masu kaya babu wata matsala. A Yunin 2025 ya bar gwamnati, ya ce tarayya ce magani, ya tsaya takara, ya je Bamenda ya nemi gafara. Duk zamansa a shagon sai yanzu ya hango shaddar a ƙarƙashin tebur. Majalisar kare tsarin mulki ta nuna ba a yi jiranta a banza ba: maigida kashi 53.66, shi 35.19. An harbe masu gardama a Duwala da Garwa, shi kuma ya tsallake iyaka.

Ran 6 ga Nuwamban 2025 Paul Biya ya yi rantsuwar wa'adi na takwas yana da shekara 92. Wa'adin shekara bakwai ne. Mutanen Bamenda da Buea, ku ƙara haƙuri, saura aljihu kawai. Ku dawo 2032.