Maraɗi Ta Jira, Ba A Gama Ɗinkin Anko Ba

Makon nan ambulan ta sake fitowa, saƙonnin WhatsApp na biye da ita: matasan ikilisiya za su ƙetara Maraɗi aikin bishara na kwana biyar, a taimaka da addu'a da abin da ya sawwaƙa. Addu'a kam ba ma rowarta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda abin da ya sawwaƙan ke zurarewa, don duk wanda ya taɓa leƙa kasafin irin wannan tafiya ya san rigar anko ce a layin farko, kuɗin mota yana can ƙasa. Tafiyar kwana biyar, shirinta wata uku, wata biyu da rabi a kan launin riga suke ƙarewa. Akwai kwamitin riga, akwai ƙaramin kwamitin zaɓen ayar da za a buga a baya, akwai kuma dattijon da zai sasanta su in sun saɓa. Zumuntar mata ta ce shuɗi, mawaƙa sun ce ruwan goro. A tura mutum Kasuwar Gumi ta nan Kaduna ya taya, kafin zama na gaba farashi ya tashi, sai a kira wani zaman kan tashin farashin, a sha lemo da kuɗin ambulan.

Za a ce anko na taimakawa a gane juna a hanya. Mutanen da suka cika bas ɗaya daga tashar Kawo, waɗanda tare suka yi makarantar Lahadi, in sai da riga za su shaida juna, to asibitin ido na ƙasa yana nan wajen Mando, su fara biyawa ta can. Jami'in da ke Jibiya ko Ɗan Issa bai damu da ruwan goro ba, takardar tafiya zai tambaya da katin rigakafin shawara. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar ta canja fuska: an rufe, Nijeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma maganar takarda sai daren tafiya ake tuna ta. Hanyar Funtuwa zuwa Jibiya kuwa, mai hankali yana bin ta ne shiru, ba da tallar kansa a gadon baya ba.

Wajen su waye ma ake zuwa? 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, ga na kutare a Danja kusa da Maraɗin kanta. Masu bi na can suna da ikilisiyarsu da fastocinsu, Littafi Mai Tsarkin da ya fito da Hausa a 1932 tare muka gaje shi. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, sun san nauyin bangaskiya ba sai baƙo ya karanta musu daga bayan riga ba. Duk da haka cikin wata ukun nan babu wanda ya ɗaga waya ya ce, "Baba Fasto, me kuke bukata?" Shi zai yanka kajinsa, ya bar wa baƙi ɗakinsa, ya tsaya yana kallon mutum goma na shafa wa bango ɗaya fenti, alhali mai fentin unguwa na zaune ba aiki. Na yarda matasa na buɗe ido, zumunci kuma a ƙafa yake. To a kira ta ziyara, a je da ladabin baƙo. Abin haushin, cikin matafiyan akwai waɗanda tun rikicin Kaduna na 2000 iyayensu suka koma Sabon Tasha da Narayi, gadar Kaduna ranar Lahadi kaɗai suke haye ta, ana cewa amin sun juya, ko mai shayin bakin majami'a ba su taɓa tambaya ya iyali ba. Su ne za su ƙetare iyakar ƙasa.

Ga kuma sautu. Duk wanda ya jefa dubu ɗaya a ambulan ya sayi haƙƙin aike: wannan kilishi, waccan cuku, wata dabino da atamfa turmi biyu, ba wanda ya lissafa yadda naira take a gaban sefa. Sakataren tafiya yana da littafi guda na sautu zalla, ya fi jadawalin wa'azi kauri. Kwana ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na kasuwa, ɗaya na hotuna cikin anko. Kilishin kuma rabinsa a mota yake ƙarewa tun kafin Zariya, ragowar sai kwamiti ya zauna a kansa.