Hauren Alhaji a majalisar Badariya

Mu mutanen Badariya ba ma kai haƙori asibiti sai ya hana mu barci kwana uku. Ranar farko kanumfari ne, a tauna a danna a kogon. Rana ta biyu a jiƙa gishiri ko jar kanwa a kuskure baki. Ta uku a aiki yaro kemis ya sayo mai ƙarfin nan, ba a ma faɗin sunansa, mai shagon ya gane. Sai kumatu ya tashi, ido ya fara rufewa, sannan ake tambayar wa ke da mashin a kusa. Haka muka taso muka tarar, kuma yawancinmu muna tsira da shi. Akwai dai waɗanda wannan haƙurin ke iya kai su kabari, kuma suna zaune tare da mu a kan benci ɗaya.

Daren Laraba bayan isha'i muna wurin mai shayi sai ga Alhaji, wanda ke sayo shanshera daga Argungu, ya ɗaure haɓa da rawani. Ya ƙi shayi, ya ƙi burodi.

"Alhaji, mi ya samu kumatun ga?" in ji mai shayi.

"Haure na, yaro. Gobe in Allah ya kai mu wanzami za shi fidda shi, in huta."

Kowa ya kawo tasa. Direban da ke bin hanyar Jega ya ce tsutsa ce a ciki, a turara ta faɗo. Wani ya ce a ɗiga ruwan batir, sai dattawa suka yi masa caa, don mun ga bakin da ruwan batir ya ƙone. Duk wannan Malam na asibiti yana sauraro bai ce uffan ba. Shekara da shekaru ya yi yana aikin jinya kafin ya yi ritaya, kuma duk unguwa shi ake bugawa ƙofa da dare. Sai da surutu ya lafa ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, ranka shi daɗe, ba kai ne aka yi wa aikin zuciya a Indiya ba? Ba kana shan warfarin ba?"

"Ina sha. To mi ya haɗa haure da zuciya?"

Wannan tambayar ita ce tamu duka. A wurinmu haƙori na wanzami ne, zuciya ta babban likita, ba mu taɓa zaton suna gaisawa ba. Malam ya gyara zama ya warware mana. Ya ce bakin kowane mutum cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma muddin dasashi lafiya yake, can suke zamansu. Da zarar dasashi ya yi jini, ko an fizge haƙori, sun samu hanyar shiga jini. Mai lafiya jikinsa kan share su cikin ɗan lokaci. Amma zuciya tana da 'yan ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa, kuma idan ɗaya ta taɓa lalacewa, ko an sauya ta da ta ƙarfe kamar ta Alhaji, nan ƙwayoyin ke maƙalewa su yi gida. Sai zazzaɓi ya zo a hankali, da gumin dare, da kasala, da rama. Mu kuma mun san abin da muke cewa: maleriya ce da taifot. A sha magani, a sake sha, mako uku, mako biyar, ƙofar zuciya tana ci gaba da ruɓewa. Idan Allah ya sa an gano, maganinsa allura ce ta jijiya har mako huɗu zuwa shida, wani lokaci sai an sake buɗe ƙirji.

Majalisa ta yi tsit. Ni kaina sai na tuna mutanen da muka yi wa salla aka ce zazzaɓi ne ya ƙi jin magani.

Malam ya ce saboda haka ne irin su Alhaji ake ba su amoxicillin giram 2, sau ɗaya tak, minti 30 zuwa 60 kafin a taɓa haƙorin, kuma likita ne zai rubuta, don akwai masu jikin da ba ya karɓar dangin penicillin. Ba kowane mai hawan jini ke bukatarsa ba. A 2007 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta taƙaita shi ga masu babban haɗari: wanda aka sauya wa ƙofar zuciya, wanda ya taɓa yin wannan ciwon, da wasu da aka haifa da naƙasar zuciya. Dalilinsu shi ya fi kama ni. Sun lura cewa mai ruɓaɓɓen dasashi kullum ƙwayoyin na shiga jininsa ko da wajen tauna abinci ne, a wurinmu kuwa wajen tauna goro, wajen shan rake, wajen yagar kilishi. Ashe asuwakin da muke yi kafin kowace salla, da buroshi safe da dare, suna tsaron zuciya fiye da yadda muka sani.

"To jinin fa?" in ji direba. "Na ji masu shan maganin tsinka jini in sun yanke ba ya tsayawa. Ai sai Alhaji shi bar sha kwana biyu."

Malam ya ɗaga hannu da sauri. Ya ce wannan ita ce shawarar da ta fi kowace haɗari a daren. Mai ƙofar ƙarfe idan ya bar warfarin da kansa, jini na iya daskarewa a kanta, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ake yi shi ne a auna jinin kafin ranar, awon da suke kira INR, idan yana daidai a cire haƙorin a ɗinke wurin, a ciza auduga. Wanzami da awartakinsa ba shi da awon nan, ba shi da abin tsayar da jini idan ya ɓalle, ko da ya gaji sana'ar tun kakanni.

Daga nan ya koma kan kemis. Mai ƙarfin nan da muke aika yara, diclofenac ne ko ibuprofen, kuma su ne ke tayar da hawan jini, su tara ruwa a jikin mai raunin zuciya, su sa cikin mai shan warfarin ya yi jini. Flagyl ma da muke haɗawa da shi ƙara wa warfarin ƙarfi yake yi. Paracetamol ya fi aminci kafin a ga likita. Na tambaye shi game da innata, wadda dasashinta ya kumbura har yana hawa kan haƙora. Ya ce in duba ledar magungunanta, in akwai amlodipine ko nifedipine a gaya wa likitanta, don sukan yi haka, amma kada ta daina sha da kanta.

Abin da ya fi damuna a ɗabi'armu shi ne shirun da muke yi a gaban likita. A tambaye mu ko muna da wani ciwo, mu ce lafiya lau, alhamdu lillahi, alhali kati uku ne a aljihu. Likitan haƙori yana bukatar ya sani kafin ya ɗauki allurar kashe zafi, don a cikinta akwai sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, kuma yakan rage wa mai ciwon zuciya. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba ma, ɗage masa aikin ake yi in ba na gaggawa ba ne. Ga asibitin Sir Yahaya, ga asibitin tarayya, duk a cikin Birnin Kebbi, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Alhaji ya daɗe yana shafa kumatu. Can ya ce, "Malam, in na tafi, mi zan fara ce musu?"

"Kafin ka buɗe baki su duba, ka ce an yi maka aikin zuciya. Ka zazzage musu ledar magani a kan tebur, har takardun Indiya."

Da safe ina fitowa daga masallaci na hango shi a bayan mashin ɗin ɗansa, rawani a haɓa, baƙar leda a cinya, sun miƙe hanyar asibiti.