Goge Gilashi a Garin Ƙura

A Khartum da Omdurman akwai aikin da kowa ya san na baban giwa ne, amma ba mai yarda ya bari: goge gilashi. Daga watan Mayu zuwa cikin damina habub kan taso, wato jar guguwar ƙurar nan da ke tokare sama ta mai da la'asar magariba. Kakannin mutanen Omdurman sun san halin garinsu, shi ya sa suka gina gidajen ƙasa masu 'yan ƙananan tagogin katako, dare ya yi su fito da gadon angarib tsakar gida su sha iska. Jikoki suka waye, suka ce sai tagar almini mai gilashin da ake zugewa, irin wadda suka gano a Jidda. Ƙura ta ce madalla, da ma tana neman masauki. Manya ma ba a bar su a baya ba. Otal ɗin Burj al-Fatih mai siffar ƙwai, wanda Libiya ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 2008 kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya farfasa tagogi masu yawa a birnin, wannan kam ba abin raha ba ne, Allah ya kawo ƙarshensa. Amma a gidan da gilashi ya tsira, tsumma ma ya tsira.

Ilimin abin bai taka kara ya karya ba. A fara kakkaɓe ƙurar a bushe, don yashi ne, in aka murza shi da jiƙaƙƙen tsumma sai ya karce gilashin. A haɗa ruwa da ruwan khal, a guji zabga omo, domin kumfar da ta bushe ita ce jirwayen da ake kuka da shi. A yi aikin da sassafe, tunda a garin da zafi ke wuce digiri 40 ruwa kan bushe kafin hannu ya dawo. Madubi kuma tsumman ake jiƙawa, ba shi ake fesawa ba, in ba haka ba ruwa ya silale ta gefe ya baƙanta bayansa. Shi ke nan. Sai dai wannan ɗan ilimin ya fi kowane fanni yawan shehunnai, kuma babban shehin yana kishingiɗe ne da kofin gahawar jabana a hannu. Maigida ke nan. Bai taɓa riƙe tsumma ba, amma daga inda yake yana hango, "Yarinya, ga wani can ta sama, hagu, a'a, ɗaya hagun."

Shi ne kuma mai fatawar cewa ba abin da ya kai tsohuwar jarida ɗauke laima, a nan kam ya yi gaskiya, muddin ya gama karanta ta. A ranar 16 ga Fabrairun 2015 jami'an tsaron gwamnatin Umar al-Bashir suka kwashe bugun jaridu 14 a yini guda. 'Yan jarida sun yi kuka, masu karatu sun yi, amma ba wanda ya jajanta wa masu goge taga. Ina kyautata zaton ofishin da aka jibge jaridun ya fi ko'ina a Khartum ƙyallin tagogi a makon.

Habub ake ɗora wa laifi, alhali babban mai laifin ɗan gida ne. Matanmu na Kano da Katsina da ke biyan maƙudan kuɗi don gyaran jiki irin na Sudan sun san dilka da humra da dukhan, hayaƙin itacen ɗalhi da mace ke zama a kansa lulluɓe da bargo. Ga turaren wutar da ake jiƙa shi da mai da sukari, ana kunnawa safe da yamma, ana ƙara wani in an ji sallamar baƙo. Hayaƙin nan maiƙo ne, madubi yake bi ya kwanta, ƙura ta zo ta manne. Uwargida ta goge, ta ja baya ta yaba, sannan ta ɗauko kasko ta turara ɗakin don murnar an gama. In kuma damina ta kama, lokacin da Shuɗin Nilu ke gangaro da taɓon Habasha, famfon wasu unguwanni kan ba da ruwa ja, sai a wanke ƙurar Sudan da lakar maƙwabta.

Duk wannan wahala ba don a ga waje ake yin ta ba. Jajiberin Sallah za ka gane haka, a salon, ɗakin baƙin da 'yan gida ba sa zama, gaban kabet ɗin gilashin nan da aka jera kofuna masu bakin zinare waɗanda tun ranar biki ba su ɗanɗani shayi ba. Duk wanda ya san jeren kwanukan amaryar Bahaushe ya san wannan cuta, 'yan'uwanmu Hausawan Khartum ma biyu suka haɗa. Har asuba ana huci a kan gilashi ana murzawa da gefen zane, duk saboda mutum ɗaya. Bayan idi uwar miji za ta shigo, ta amsa gaisuwa idonta na kan madubi, ta ɗan karkata kai yadda haske zai faɗa masa a kaikaice.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Wutar ce aka ɗauke muku jiya?"

"A'a, Hajiya, akwai wuta."

"To, Allah ya yi albarka."

Ba ta ƙara ko kalma ba, amma kafin azahar labari ya haye gada ya isa Bahri. Tagar da aka kwana a kanta kuwa, ga ƙarfen tsaro ta waje, ga rana na dukanta, ga matasan layi na wucewa. Maigida ya miƙe, ya yi aikinsa na farko a harkar, ya ja sabon labule mai kauri ya rufe ta ruf sai Babbar Sallah.