Gambu Ya Tafi, Ya Bar Mu Da Masu Gardama

Tun daga tashar Birnin Kebbi har rumfunan masu shayi na Augie, in kana son majalisa ta dare gida biyu ba sai ka jawo zancen siyasa ba. Ka kunna waƙar Gambu a waya, ka ajiye ta kan benci, ka ja gefe. Gambu, wato Muhammadu Gambo na Fagada, can ƙasar Maiyama, ya rasu tun 2016, kuma kafin rasuwarsa ya shelanta wa duniya ya tuba da yi wa ɓarayi waƙa. Shi dai ya huta. Mu da ya bari a hannun masoyansa da masu ƙinsa ne har yau ba mu ga hutu ba.

Wanda ya fi gallabar jama'a cikinsu masoyi ne, Baba mai kaset. Kowane gari a ƙasar Kabi yana da nasa. Dattijo ne mai mutunci, ba ya cin bashi ya hana, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba, sai fa in an taɓa Gambu. Kalangu na fara tashi daga wayarka zai karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya bari a yi rabin minti, sa'an nan ya yanke hukunci: "Wanga ba shi na ba." Ka ce, "Haba Baba, ga muryarsa kana ji." Ya ce murya tasa ce, amma wannan na kasuwa ne, na asalin yana gida cikin akwati. A can ne Gambu ya faɗi wata magana da bai sake faɗinta ba har ya koma ga Allah. Wace magana? Sai ka zo gida.

Kada ka je. In kuwa ƙaddara ta kai ka, ka yi sallar La'asar tukuna, ka kuma bar sallahu a gida kada a jira ka da tuwo. Za a fito da akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a buɗe tsumma, a buɗe leda, a fito da kaset mai minti casa'in da rubutun jikinsa ya goge tun Kebbi na cikin Jihar Sakkwato. Za a zura biro a juya zare. Za a aiki yaro sayen batir. Rediyon zai tauna zaren, a buɗe, a lallaɓa, a liƙe da jan farce. Can kiɗa ya tashi, ka gyara zama, sai Baba ya danne maɓalli: "Saurara nan, ɗana. Ka ji abin da yac ce?" Ba ka ji ba, don bai bari ya faɗa ba. Shi zai faɗa maka, ya fassara, ya kawo tarihin ɓarawon da ake wasawa, da garinsu, da wanda ya koya masa, da yadda suka taɓa shiga mota ɗaya da shi daga Jega zuwa Sakkwato, mutumin har ya saya masa goro. A mayar da zare baya, a sake, a sake dannewa. Waƙar da Gambu ya yi cikin rabin awa, a hannun Baba sai ta ci Magariba ta ci Isha'i, kuma muryar Baba ce kashi tara cikin goma.

Ba shakka yana wurin aka yi wasan. Kullum yana wurin. In aka tara duk dattawan da suka rantse suna tsaye dab da makaɗan a wannan dare ɗaya, filin Matan Fada ranar kamun kifi ba zai ɗauke su ba. Ɗansa ya taɓa kai kasakasan wurin masu turin waƙa aka juye masa a memori, Baba ya saurara ya ce an cire gishirin. Wato ƙarar nan ta shuuu da kukan jaki da muryar mai tallan gyaɗa da rakoda ta kwaso, su ne gishiri.

Sai dai a bar wa Baba gaskiyarsa guda. Gambu ba mawaƙin da ke haddace baituka ya maimaita ba ne. Kalangu na tafiya, shi yana zuba labari, ya yi kirari, ya yi habaici, ya saki hanya ya bi wani zance, ya dawo inda ya tsaya ba tare da ya ɓace ba. Saboda haka ɗauka biyu na waƙa ɗaya ba su zama daidai, kuma mai tara kaset yana da abin tarawa. A Amurka an yi wasu makaɗa, Grateful Dead, daga 1965 zuwa 1995, su ma ba su maimaita wasa iri ɗaya. Masoyansu na bin su gari gari da rakoda, suna musayar kasakasai, suna faɗa kan wane dare ya fi. Da Baba ya san da su, da ya gane yana da dangi a ƙetare.

Abokin karonsa na kullum jikansa ne, ɗan acaɓa mai abin ji a kunne. Shi ba ya ƙin Gambu don addini ko tarbiyya. Minti ashirin ana kiɗa zai ɗaga kai ya ce, "Wai Baba, yaushe za a fara waƙar?" A wurinsa abin da ba shi da amshin da za a kama, ba a taka rawarsa a gidan biki, ya kuma wuce minti biyar, hira ce da ganga. A ba shi Hamisu Breaker a zauna lafiya.

Akwai Bakatsinen da aiki ko fatauci ya kawo Argungu. Kowace gardama ƙarshenta ɗaya a bakinsa: Shata. A ce Gambu ya iya magana, ya ce Shata. A ce kifin bana ya yi tsada, ya ce Shata. Da yake abokin wasa ne, Kabawa kan bar shi ya gama, sa'an nan su tambaye shi ko Shata ne zai biya kuɗin shayin da ya sha.

Ɗan fada kuwa ba ya gardama, ƙyama yake yi cikin ladabi. Ya gyara babbar riga ya ce shi bai ce komai ba, amma kalangu kiɗan mahauta ne. Waƙa ita ce kotso da taushi, ita ce Narambaɗa, ita ce Ɗanƙwairo, ita ce Aliyu Ɗandawo a ƙofar Sarkin Kabi. Ƙasar da ta haifi Kanta a ce da mawaƙin ɓarayi ake tuna ta? Allah ya kyauta. In ka bincika, kakansa ne ya taɓa riƙe wa wani hakimi doki.

Ina ƙaunar Malam mai a'uzubillahi. Da ya ji kiɗan zai yi ta'awwuzi, ya ja tasbaha, ya soma jero munanan maganganun da ke cikin waƙar don a san abin da ake gudu. Ya kawo ta farko. Ya kawo ta biyu. Wani ya yi kuskuren kalma, Malam ya gyara masa. A tambaye shi ina ya sani, ya ce zamanin jahiliyyarsa ne. Ka dubi ƙasan benci, babban yatsan ƙafarsa na bin kalangu, bai saɓa ko sau ɗaya ba.

Direban motar haya hujjarsa ta fi ta kowa tsari. Ya cika mota daga Argungu, ya sa Gambu, ya ƙure murya. Nan take kowa ya dafe aljihu, mata su ƙara ɗaure bakin zane, mai buhun albasa ya leƙa but ta madubi, kowane fasinja na yi wa na kusa da shi kallon ƙasan ido. Ka ce, "Direba, don Allah a sauya mana." Ya ce, "Alhaji, taimakonku ni kai. Tun da nis soma sa shi, ba a taɓa yanke aljihu cikin motag ga ba." A ganinsa Gambu makaranta ce: ya tona yadda ake fasa shago, yadda ake yaudarar baƙauye ranar kasuwa, wanda ya saurara ya tsira. Bai taɓa tunanin ɗalibai iri biyu ne ke zama a ajin ba.

Sai masu biro. Waɗannan sun je Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Birnin Kebbi sun dawo da jigo da salo da adon harshe. Sun ji Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi nazarin Gambu, suka samu lasisi. Ba sa cewa suna jin daɗin waƙar, wai nazari suke. Za su gaya maka a Meziko ma akwai mawaƙan da ke wasa masu fataucin miyagun ƙwayoyi, har wasu jihohin can sun hana a yi su a taro, don haka lamari ne na duniya. Za su ce waƙar madubin al'umma ce, alhali mota ba kowa sun kunna ta sau uku a jere, suna buga sitiyari. Wasunsu har rubutu suke yi a mujalla, su jera laifin kowa, don kada a tambaye su abin da ke cikin wayarsu.

Kusa da su akwai mai fatawar tuba. Ya ce mutum ya tuba, magana ta ƙare, wanda ya ƙara zarginsa ya shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. To madalla. Sai ya kunna wadda aka yi shekara ashirin kafin tubar.

Akwai kuma mai kewar ɓarayin da. Wai na zamanin Gambu masu aji ne, suna da alkawari, suna da kyauta, ba sa taɓa maƙwabci. Tsohuwar da aka kwance wa akuyarta ɗaya tilo ba ta lura da ajin ba.

Mutum ɗaya ne ba na yi wa dariya. Manomin fadama ne, bara shi ke kunna Gambu a bakin gona lokacin yankan shinkafa. Bana an ɗauke masa injin ban ruwa da dare, aka haɗa da shanun huɗa. Yanzu in ya ji kiɗan sai ya tashi ya bar wurin, ba ya ce wa kowa uffan. Tun da 'yan Lakurawa suka kora dabbobi a Mera cikin Nuwamban 2024, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe aƙalla 15, irinsa sun ƙaru a ƙasar Augie. Ba su da dogon bayani, kuma ko Baba mai kaset yakan rage murya in ɗayansu ya zauna.

Amma wanda ke sa shayi ya fita raina shi ne Yallaɓai. Yana zuwa gida ƙarshen mako daga babban birni, mota mai baƙin gilashi, shadda tana ihu. Ya tsaya a majalisa don a ga ya tsaya. Ya ji Gambu, ya ɓata rai, ya ce irin waɗannan waƙoƙi ne suka lalata tarbiyyar yaranmu, ya kamata hukuma ta hana masu turi turawa, al'ummar da ke yi wa ɓarawo kirari ba za ta ci gaba ba. Kowa ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, don ana sa ran ya biya kuɗin shayi.

Daren nan kuma akwai biki. Ga Yallaɓai a tsakiyar fili, mawaƙin fiyano ya kama sunansa, ya kira shi gatan marayu, bangon talakawa, Yallaɓai na liƙa sababbin kuɗi har ana tattakewa. Kowa a filin ya san albashinsa. Kowa ya san kwalbatin da aka ba shi kwangila, wadda ke nan a takarda, ba ta nan a hanya, shi ya sa da ruwa ya sauka sai a sauke mara lafiya daga mota a ɗauke shi a kafaɗa. Kowa ya san takin da aka rubuta da sunan manoma ya ɓulla a kasuwa da sabon farashi. Ɓarawon Gambu yana haura katanga da ransa a hannu, in an kama shi ya sha kulki, ya yi gidan yari, kuma ko a cikin waƙar sunansa ɓarawo. Gambu bai taɓa ce wa kowa yana yi wa waliyyai kiɗa ba. Shi wannan da biro ya yi nasa, cikin sanyin na'ura, aka kuma ba shi sahun gaba a masallaci da kujerar babban baƙo a saukar Alƙur'ani. In ya ƙi Gambu don tsoron Allah ne, da mun ga alama a wani wurin. Ni dai zatona kishi ne: ba ya son a ji ana wasa ƙananan ma'aikata.

Malam mai tasbaha yana da hujja, manomin da aka raba da injinsa ya fi shi, har ɗan acaɓa ma yana da tasa, don wani ɗaukan ya cika tsawo, ko Baba ya sani. Kai kuwa Yallaɓai, ka bar mana gardamarmu, mun iya ta tun ba ka sayi mota ba. In wannan mujalla ta kai teburinka, takin da aka rubuta sunayenmu tun bara muna jira, ga damina ta ƙarato.