Zuciyar Rago a Teburin Mushe

Ranar da mushe, wato malamin kimiyyar halittu, ya shigo aji a unguwar Zariya ta Maradi riƙe da zuciyar rago a leda, ranar ce halin kowane ɗalibi ke fitowa fili. Ana zaɓar ta rago ne domin gininta ɗaya da ta mutum, ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kuma ba sai an nemi izinin dangin mamaci ba.

Wanda ke fara matsowa shi ne ɗan mahauci. Tun yana shekara bakwai yake taɓa wannan nama, don haka kallon raini yake yi wa 'yar askar mushe. Bai san sunan ko jijiya ɗaya da Faransanci ba, amma da ya latsa da yatsa zai ce maka nan ne hagu, kuma ya yi gaskiya: bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kusan sau uku a kauri, saboda shi ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. Aibinsa ɗaya. Mushe na juya baya, ka tarar da darasin an yanka shi daidai tsinken tsire.

Bayansa ga gwanin hadda, sarkin maki. Ya zana zuciya a littafinsa da ja da shuɗi, ya jera sunaye babu gyara. Yanzu ga ta a hannunsa, duk kitse, ba ja ba shuɗi, ya riƙe ta gaba a baya yana neman kibiyoyin da ke cikin littafi. Daga ƙarshe sai ya yanke hukunci cewa wannan ragon ne bai daidaita ba.

Akwai kuma lokotoron gobe, wanda duk Tibiri ta san zai karanci likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yana ganin jini, shi ake yi wa fifita a gindin bedi.

Ustazun aji ba ya kusantar tebur sai ya tabbatar wa ya yanka. In hankalinsa ya kwanta, zai tuna wa kowa Ibnun Nafis, likitan da ya rasu a Alƙahira a 1288, wanda ya ƙaryata tsohon likita Jalinus, ya ce babu wasu ƙananan huji a bangon da ya raba dama da hagu, dole jini ya bi ta huhu kafin ya ƙetara. Zai ƙara da cewa sai a 1628 Bature William Harvey na Ingila ya buga littafinsa a kan zagayen jini. Duk gaskiya ne, ba mai musu. Amma ka ce masa bisimilla, sa yatsa ka taɓa bangon da Ibnun Nafis ya faɗa, sai ya tuna yana da alwala.

Ɗan soyayya shi ne abin tausayi. Ya daɗe yana aika jar zuciya a WhatsApp, yau ya ga ainihinta: tsoka, kitse da gudan jini. Ya leƙa ɗakuna huɗu bai ga inda ya ce ya ajiye Hadiza ba.

Wadda nake so a cikinsu ita ce mai shiru, wadda ke zuwa daga Jiratawa inda ake noman rani. Ba ta ce uffan ba tun safe. Sai ta ɗauki buta, ta tsiyaya ruwa ta bakin babbar jijiyar da ke fita da jini, ruwan ya tsaya cak, 'yan fatu uku sun cika sun rufe hanya. Ta tsaga ɗakin ƙasa, ta ja farin zaren da ke riƙe da ƙyauren tsakiya don kada ya kife baya. Ta ce ai wannan ƙofar ruwa ce irin ta lambunsu, ruwa ya wuce, ba ya komowa. Abin da gwanin hadda ya cika shafi uku a kansa ke nan. Waɗannan ƙyamaren ne ke yin sautin nan biyu da likita ke saurara in ya ɗora abin awo a ƙirji, kusan sau 100,000 a kwana ɗaya.

Can baya kuwa makwaɗaici na zaune da yaji a aljihu. Tambaya ɗaya ya yi duk shekara: "Mushe, in an gama ina za a kai ta?"

Malaman makaranta, in za ku sayi zuciya, ku sammaka mahauta, ku ce a bar muku ita haɗe da huhu, domin mahauci yakan datse jijiyoyin tun daga gindi. Kuma ku sayi biyu, kada ku ba ɗan mahauci wuƙa sai kowa ya gani.