Masu Sayen Sanyi da Kuɗinsu

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Japan ya zo hutu Yelwa, ya miƙo mini waya: "Kawu, dubi inda na je." Na duba, ko'ina fari fat. Wai sunan wurin Niseko, duwatsu ne a tsibirin Hokkaido, kusa da teku. Iskar Siberiya ke ratso tekun Japan, ta kwaso danshi, ta juye shi dusar ƙanƙara a kan duwatsun, zubin shekara guda ya haura mita 10. Mutane su taso tun daga Ostireliya, su biya jirgi da masauki, a ɗaura musu alluna a ƙafa, a ja su sama a kujerar igiya, su gangaro suna faɗuwa.

Na ce, "Yaro, kai ma ka biya?" Ya sunkuyar da kai.

Mu nan sanyinmu kyauta ne. Mai shakka ya shiga kwale-kwale da asubar Janairu, ya nufi Wara ta Ngaski, hazo ya rufe tafkin Kainji, iska na yankan kunne. Tun da aka tare kogin Kwara a 1968 masunta ke shan wannan jaura, ban ga wanda ya ɗauki hoto yana murna ba. Wani tsoho a Shanga kuwa, in hunturu ya kama, wankansa sai Juma'a.

Na ce in ya koma ya gayyato masu sayen sanyin nan bikin Rigata. Ruwanmu bai daskare ba, ana tsere a kansa, ga soyayyen kifi a bakin gaɓa.